Yadda na tantance haƙoran kifin shak da burbushin kifaye daga ƙullin yashi guda

Wani abokina mai sha'awar tara duwatsu ne ya ba ni ƙullin, kuma abin da aka rubuta a jikin ledar bai wuce kalmomi biyu ba: Huribga, Maroko. A ciki akwai dunƙulallen yashi mai launin ƙasa wanda nauyinsa ya kusa kilo biyu, sai wani babban haƙori guda da aka naɗe daban a cikin auduga. Ya ce shi ya gaji da kallonsa a kan kanta, idan ina da haƙurin zama in fitar da abin da ke ciki. Na ɗauka aikin yini biyu ne, amma sai da na shafe kusan mako shida ina komawa kansa kowane dare kafin in iya rubuta suna a kan takarda ba tare da zuciyata tana ɗar-ɗar ba.

Abu na farko da na yi shi ne neman sanin wurin da yashin ya fito. Huribga tana cikin kwarin Aulad Abdun, inda ake haƙar ma'adinin fosfat tun 1921, kuma shimfiɗun ƙasar da ake haƙowa, waɗanda suke kwance hawa-hawa, sun taru ne a ƙarƙashin wani teku marar zurfi da ya rufe yankin daga ƙarshen zamanin Kiretashiyas, kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, har zuwa farkon zamanin Eyosin, kimanin shekaru miliyan 50 baya. Dalilin da ya sa haƙora suka fi komai yawa a irin wannan wuri a fili yake. Jikin kifin shak ba ƙashi ne ke riƙe da shi ba, guringuntsi ne, kuma guringuntsi yakan ruɓe tare da nama, alhali haƙori yana da rufi mai tauri da sheƙi wanda ƙasa ba ta iya cinyewa da sauƙi. Bugu da ƙari, kifin shak yana zubar da haƙora yana fitar da sababbi tun daga ƙuruciya har mutuwa, jeri bayan jeri, ta yadda kifi guda zai iya barin dubban haƙora a ƙasan teku.

Wankin yashin bai ba ni wahala ba. Na bar dunƙulen ya bushe sarai, sannan na jiƙa shi a ruwa kwana guda har ya saki da kansa, na tace shi da rariya uku masu ido daban-daban: ta milimita 5, ta milimita 2, da ta rabin milimita. Ban sa masa wani ruwa mai tsami ba, domin abin da ke narkar da farar ƙasar da ta manne da haƙori yana iya cin haƙorin kansa idan mutum bai san yadda ake daidaita shi ba. Abin da kowace rariya ta tare na shanya shi a inuwa a kan takarda, kowanne a wurinsa.

Da zumuɗi na sa babban haƙorin nan ma a cikin kofin ruwa domin in wanke ƙasar da ke saiwarsa. Washegari da na ɗaga shi, sai na ga ruwan ya yi fari-fari, saiwar ta yi laushi a gefe guda, kuma da na taɓa ta da farce sai wani yanki ya ɓare kamar jiƙaƙƙiyar laka. Ashe rabin saiwar ba saiwa ba ce, yashi ne aka kwaɓa da gam aka siffanta shi har ya yi daidai da ɗaya ɓangaren. Da na duba da gilashin ƙara girma, sai na ga ɗaya daga cikin ƙananan tsinayen da ke gefen haƙorin ma launinsa ya ɗan bambanta da na uwar, kuma akwai wani siririn layi mai ƙyalli a gindinsa. Daga wani haƙori dabam aka ɓallo shi aka manna. Irin wannan gyara ya zama ruwan dare a manyan haƙoran da ake fitowa da su daga waɗannan ramuka, domin da wuya babban haƙori ya fito daga ƙasa lafiya lau. Tun daga ranar, duk wani haƙorin da ya yi kyau fiye da kima sai na goga masa ɗan asiton, wato ruwan goge jan farce, da auduga a saiwa, domin gam yakan yi danƙo idan asiton ya taɓa shi, saiwa ta gaskiya kuwa ko gezau. Kuma saiwa ta gaskiya tana da ƙananan ramuka irin na ƙashi, ba ƙwayoyin yashi masu girma ɗaya da aka shafe da yatsa ba.

Daga nan na koma kan abin da rariya ta tare. Na zuba cokali guda a kan baƙin faranti a ƙarƙashin fitila, ina ture ƙwayoyin da bakin ɗan ƙaramin buroshi, duk abin da ya yi sheƙi ko yake da siffa mai tsari in ɗauke shi da matsefata. Idan ƙwayar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, matsefata takan harba ta ta ɓace, saboda haka na koyi jiƙa bakin buroshin in ɗan taɓa ta, ta manne da kanta. Bayan darare tara na tara haƙora sama da ɗari biyu, da wasu gutsattsari masu yawa waɗanda a lokacin ban ba su muhimmanci ba.

A nan na tafka kuskurena mafi girma. Na jera haƙoran bisa kamanni, dogaye sirara a gefe guda, masu faɗi a wani gefe, masu karkata dama, masu karkata hagu, gajeru masu kama da ƙaya, har na samu rukuni goma sha bakwai, na kuma tabbatar wa kaina cewa nau'in kifi goma sha bakwai ke gabana. Na ɗauki hotunansu na aika wa wani dattijo da ya daɗe yana aiki a sashen burbushin halittu na wani gidan adana kayan tarihi, wanda abokin nan nawa ya haɗa ni da shi. Amsarsa gajera ce. Ya ce, "Malam, ka juya su ka ɗauko ɗaya fuskar, ka ajiye rula a gefe, sannan ka faɗa mini daga wace shimfiɗa suka fito." Na ce, "Ranka ya daɗe, ledar ba ta faɗi shimfiɗa ba." Ya ce to lallai in rage buri, kuma kafin in sake neman sunan kifi in fara neman mazaunin kowane haƙori a cikin baki.

Wannan shawara ita ce ta sauya aikin gaba ɗaya, kuma a kanta na fi daɗewa. Haƙorin kifin shak yana da fuska biyu. Wadda ke kallon leɓe yawanci shimfiɗaɗɗiya ce, wadda ke kallon harshe kuma ita ce mai tudu, kuma ita ce mutane suka fi nunawa a hoto suna zaton ita ce gaba, alhali ita ce ta ciki. A fuskar harshe ne saiwa ke kumbura, kuma a nan ake duba ko akwai wata tsaga a tsakiyar saiwar wadda jijiyoyin jini ke bi su shiga haƙori. Akwai dangogin da wannan tsaga take fitowa ƙarara a cikinsu, akwai kuma waɗanda ba su da ita sai ƙananan huda kawai, kuma wannan bambanci ya fi tsawo ko launi amfani nesa ba kusa ba. Launi ma dai ba ya faɗin komai game da nau'in kifi ko yawan shekarunsa; ma'adinan da ke cikin ƙasar da haƙori ya kwanta su ne ke rina shi, shi ya sa na wannan yanki suka fi zama ruwan zuma ko ruwan ƙasa, na wasu wurare kuma baƙi ƙirin.

Sai batun mazauni. A bakin kifi guda, haƙoran gaba sukan kasance dogaye, miƙaƙƙu, masu saiwa mai reshe biyu da suka matsu da juna, kuma idan aka dube su ta gefe a wasu dangogin sai a ga sun yi lanƙwasa biyu. Yayin da ake matsawa zuwa gefen muƙamuƙi sai su gajarce, su yi faɗi, reshen saiwa su buɗe, tsinin kuma ya karkata zuwa kusurwar baki, musamman a muƙamuƙin sama. Na can ƙurya kuwa ƙanana ne ƙwarai, wani lokaci da ƙyar ake gane tsininsu. Wato masu karkata dama da masu karkata hagu da na raba gida biyu, ɓangarori biyu ne na baki ɗaya. Haƙorin ɗan kifi ma yana iya bambanta da na babba. Da na fahimci haka sai na zana siffar muƙamuƙi a kan kwali, na riƙa ajiye kowane haƙori a inda nake ganin ya zauna, kuma cikin dare biyu rukunaina goma sha bakwai suka koma takwas.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Striatolamia, dangin kifin shak ɗin da ake kira damisar yashi. Rukuni huɗu daga cikin nawa duk nasa ne. Haƙoransa na gaba dogaye ne kamar allura, da ƙananan tsinaye a gefe waɗanda da ƙyar ake gani, na gefe kuma masu faɗi ne da tsinaye masu zagayayyen kai, ta yadda babu wanda zai ce uwa ɗaya ta haife su. Abin da ya haɗa su shi ne wasu siraran layuka da suka taso daga gindin haƙori zuwa sama a fuskar harshe, waɗanda daga gare su ma sunan ya samo asali. Ba a ganinsu idan haske ya sauko kai tsaye daga sama. Sai da na kwantar da fitila a gefen faranti, haske ya shafi fuskar haƙorin a kaikaice, sannan layukan suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar zaren saƙa, kuma na riƙa ɗauko haƙora daga rukunai daban-daban ina samun layukan nan a jikinsu. Waɗanda ruwa ya goge tun kafin ƙasa ta binne su sun rasa layukan, kuma irinsu na ware su gefe.

Babban haƙorin da aka yi wa gyara bai yi gardama ba: Otodus obliquus ne, mai kauri, mai kusurwa uku, da tsini guda mai faɗi a kowane gefe, bakinsa sumul ba tsagin zarto, saiwarsa babba ba tare da tsagar tsakiya ba, sannan akwai wani ɗan wuya marar sheƙi tsakanin saiwa da kan haƙori a fuskar harshe. Irinsa kan kai kusan santimita 10. Abokina ya daɗe yana kiransa haƙorin megalodon, ƙaton shak ɗin nan da ya ɓace daga duniya, amma ba shi ba ne. Megalodon ya rayu ne daga kimanin shekaru miliyan 23 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce, wato ya zo bayan waɗannan shimfiɗu da miliyoyin shekaru masu yawa, kuma haƙorin babbansa yana da tsagin zarto a baki, ba shi da tsinayen gefe. Dangantakar dai tana nan, domin masana suna ɗaukar Otodus obliquus a matsayin kakan zuriyar da ta riƙa samun tsagin zarto tana rasa tsinayen gefe a hankali har ta kai ga megalodon.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan haƙora masu wannan siffa, na santimita 1 zuwa 2. Suna iya zama na ɗan Otodus, suna kuma iya zama na Cretalamna, wanda shi ma yana da tsini guda a kowane gefe da baki sumul. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana, kuma a nan na ga gaskiyar zancen. Na Cretalamna sun fi zama sirara idan aka dube su ta gefe, saiwarsu ta fi shimfiɗuwa, reshenta kuma kamar an yanke su da wuƙa, yayin da na Otodus suka fi kauri tun suna ƙanana. Na iya raba mafi yawansu ta wannan hanya, amma ban wuce sunan dangi ba a wajen Cretalamna, tun da a 2015 masana sun sake nazarin haƙoran da aka daɗe ana tarawa ƙarƙashin suna guda, Cretalamna appendiculata, suka nuna cewa nau'o'i da dama ne aka cakuɗa. A ganina, wanda ba shi da cikakken jerin haƙora kuma bai san shimfiɗa ba, rubuta sunan dangi kaɗai ya fi masa mutunci.

Haƙora shida ne suka tona asirin ƙullin. Masu faɗi ne, shimfiɗaɗɗu, tsininsu ya kwanta baya, bakinsu duka biyu da tsagin zarto, saiwarsu doguwa marar tsaga. Da farko na zaci na kifin shak mai zanen damisa ne na yau, domin akwai kama, amma nasa yana da tsaga a saiwa, waɗannan kuwa babu. Squalicorax ne, wanda ya ƙare tare da ƙarewar zamanin Kiretashiyas shekaru miliyan 66 da suka wuce. Otodus obliquus da Striatolamia kuwa na bayan wannan iyaka ne. Tun da ba su yi zamani ɗaya ba, samunsu a leda ɗaya yana nufin ko dai wanda ya haɗa ƙullin ya kwaso daga tarin ƙasa daban-daban, ko kuma ruwan teku ya tono tsofaffin haƙora ya sake binne su cikin sabuwar shimfiɗa. Na Squalicorax ɗin bakinsu da kaifi, ba su nuna alamar gogewa ba, saboda haka na fi karkata ga cewa hannun mutum ne ya gauraya su. A nan na gane dalilin da ya sa dattijon nan ya fara da tambayar shimfiɗa.

Gutsattsarin da na raina da farko sun fi haƙoran shak buƙatar natsuwa. Akwai wasu 'yan sanduna masu santsi a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma da tsagogi a jere kamar matajin kai. Haƙoran Myliobatis ne, kifin nan mai faɗi kamar faifai da doguwar wutsiya, wanda haƙoransa ke haɗuwa su zama daɓe guda na murƙushe katantanwa da ƙaguwa. Fuskar mai santsi ita ce ta tauna, mai tsagogin kuma saiwa. Na kuma samu guntun ƙayar wutsiyar irin wannan kifi, da ƙananan ƙugiyoyi a gefe biyu suna kallon baya. Wasu ƙwayoyi masu santsi da sheƙi, zagayayyu kamar maɓallin riga, waɗanda cikinsu ya ɗan rarake ba tare da wata saiwa ba, na kifayen da ake kira fiknodon ne, masu ƙashi na gaske, su ma masu murƙushe abu mai ɓawo.

Wani dogon tsini mai ɗan lanƙwasa ya ruɗe ni kwana biyu, domin na ɗauka haƙorin gaba ne na shak da saiwarsa ta karye. Amma gindinsa bai nuna alamar reshe biyu ba, ya zarce ne kai tsaye cikin wani guntun ƙashi, kuma sheƙinsa bai kai na haƙorin shak ba. Na Enchodus ne, kifi mai ƙashi mai dogayen fiƙoƙi na zamanin Kiretashiyas. Wannan ita ce ƙa'idar da na riƙe daga baya: haƙorin shak yana zaune ne a cikin dasashi da tasa saiwar, na mafi yawan kifaye masu ƙashi kuwa a manne yake da ƙashin muƙamuƙi. Wani guda ɗaya kuma, mai kauri da siffar mazurari da kaifi biyu, gaba da baya, ba na kifi ba ne ko kaɗan. Na mosasor ne, wato ƙatuwar dabbar teku ta jinsin masu rarrafe, dangin damo da guza.

Gaɓoɓin ƙashin baya sun zo da sauƙi da zarar na san abin dubawa. Na shak, waɗanda guringuntsi ne da ya taurare, zagayayyu ne kamar faifai, kowace fuska ta lotsa ciki da zobba a jere, kuma babu wani reshe da ke manne da su sai ramukan da reshen guringuntsi suka zauna a da. Na kifi mai ƙashi sun fi tsawo, ƙugunsu ya matse kamar kalangu, jikinsu da ramuka da ginshiƙai, kuma sau da yawa ana ganin kututturen ƙayoyin da suka karye. Akwai kuma wasu dunƙulalli masu laushin fuska, biyu daga cikinsu da alamar murɗe kamar igiya. Waɗannan ba ƙashi ba ne, kashi ne da ya zama dutse, kuma murɗewar ta samo asali ne daga siffar hanjin kifayen dangin shak.

Ina cikin wannan aiki na ci karo da labarin Nikolas Steno, masanin nan ɗan ƙasar Denmak. A 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Liborno a Italiya, aka aika masa da kan kifin domin ya feɗe, kuma a 1667 ya wallafa cewa duwatsun da mutanen Turai ke kira duwatsun harshe, waɗanda ake tonowa musamman a tsibirin Malta, haƙoran shak ne. Hanyarsa ita ce ajiye tsohon haƙori kusa da sabo a kwatanta, kuma ita na bi a ƙarshe, domin hotunan cikakken muƙamuƙin damisar yashi ta yau sun taimake ni wajen jera Striatolamia fiye da duk hotunan haƙora ɗai-ɗai da na duba.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutu. Kowane rukuni na sa shi a ƙaramin akwatin roba mai murfi da takarda a ciki, na rubuta suna da fensir, da mazaunin haƙori a baki idan na gane shi, da wurin da ya fito kamar yadda ledar ta faɗa, na kuma ƙara cewa ba a rubuta shimfiɗa ba kuma zamani biyu sun gauraya. A takardar babban Otodus na rubuta cewa rabin saiwa da tsinin gefe guda gyara ne. Haƙora talatin da ɗaya da suka karye ko suka goge na haɗa su a akwati guda da sunan babban rukuninsu kawai. Da na sake aika wa dattijon hotuna, fuska biyu da gefe, da rula a ƙasa, ya mayar da biyu daga cikin Cretalamna ɗina zuwa Otodus, ya bar sauran yadda suke, sannan ya tambaye ni ko na duba abin da rariyar rabin milimita ta tare, domin a nan ne haƙoran ƙananan kifaye irin su Abdounia, wanda aka raɗa wa sunan kwarin kansa, suke ɓuya. Ban kai ga rabin abin da wannan rariya ta tare ba tukuna, kuma cokali guda yana cin dare guda.